Yatsan Mushe Saidou

"Taso, Zoulaïha, don girman Allah taso." Inna Ummuhani ce, maƙwabciyarsu a unguwar Titirou, ko mayafi babu. Daga bakin murhu ta finciko ta.

Mijinta, Mushe Saidou (Mushe wato malam da Faransanci), tsohon malamin lissafi, yana kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Asibiti sun sallamo shi, 'yan'uwansa na kan hanya daga Djougou. Tun safe ake laƙƙana masa kalmar shahada, shi kuwa ba abin da ke fita bakinsa sai sunan wani darasin lissafi da Faransanci: "Dérivée... dérivée."

"Lissafin da kuka bari a rabi ne ya tsaya masa a rai," in ji Inna. "Ki ƙarasa masa ya huta, 'yata. Kada mijina ya tafi da wannan a bakinsa."

Zoulaïha ta tsaya a bakin gadonsa. Ita fa? Tattalin arziki take karanta a jami'a, kuma wannan darasin ne ya yi ta kayar da ita, har Mushe ya ji tausayi yake zaunar da ita a zaurensa bayan la'asar.

Aka ɗauko allon da yake koya mata a kai aka jingina a ƙarshen gado. Tambayar na nan da rubutunsa: a nemo inda ribar ɗan kasuwa ke kaiwa ƙololuwa. Ta ɗauki alli ta rubuta, ya girgiza kai. Ta goge da gefen zane, ta sake. Ya yi nishi, numfashinsa na sarƙewa. Wallahi ji ta yi kamar ta kurma ihu.

"Mushe, ban iya ba," ta ce, tana kuka.

"Ki iya," in ji Inna.

Ta koma layin farko tana bi a hankali, yadda yake sa ta yi, har ta kai ƙarshe ta ja layi. Bakinsa ya yi shiru. Inna ta sunkuya a kunnensa tana maimaita shahada. Sai hannunsa mai lafiya ya ɗaga, manuniya a miƙe, sannan hannun ya faɗi kan gado.

"Ya yi shahada," Inna ta ce, ta fashe da kuka. "Kin gani? Alhamdu lillahi."

Zoulaïha ta bi inda yatsan ya nuna da ido. Layi na uku ne a allon, inda ta manta alamar ɗebewa.

"Na gani, Inna," ta ce. Ta matsa ta tsaya a gaban allon, allin na hannunta.