Motar da Ta Yi wa Baba Tsawo

Gab da faɗuwar ruwa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba. Ya miƙe daga baya, amma duniyarsa ta tsaya daga ɗaki zuwa dakalin ƙofar gida. Da sanda yake jan ƙafar hagu, kuma kada ka kuskura ka miƙa masa hannu da sunan taimako, harara ce za ta sallame ka. Kullum da hantsi nake zuwa daga gidan mijina in dama masa kunu, don tun rasuwar Inna ba ya shan na kowa sai nawa. Shi ya sa na fi kowa jin maganar da yake ta nanatawa, maganar gonarsa.

Gonar shinkafa ce can bayan Bunkure, inda ruwan kanal yake ƙarewa. Da hannunsa ya tayar da fangalolinta tun ba a haife ni ba. Da damina hanyar wurin taɓo ce baƙa mai riƙe ƙafa, babur ma turo shi ake yi.

"Baba, a bari ruwa ya ɗauke," in ji yayana Baballe. Sunansa na yanka Abdulsamad, sunan kakanmu, shi ya sa ba a kira.

"Kai ne kake da tabbacin ganin kaka," in ji Baba. "Ni shinkafar nake so in gani tana kore."

Dukkanmu muna ganin yadda jikin yake zubewa, kuma tsoro ya hana mu faɗa.

Baba yana da tsohuwar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda ta ga jiya ta ga yau wajen dakon tumatir da albasa. Yaya Baballe ya gwada hanyar gonar da ita shi kaɗai, ta nutse har ciki, sai tarakta ce ta jawo ta. Washegari ya kai ta Kura wurin Bilya bakanike. Aka ƙara mata ganyen sifirin, aka sa mata dogayen shokozoba, mai walda ya yanke ƙarfen da ke saman ƙafafu don ya ba da wuri. Sannan aka ɗaura mata wasu jibga-jibgan tayoyi masu haƙora irin na tarakta. Ranar da ta dawo, tun daga bakin kwalta muke jin gurnanin tayoyin. Motar da muka saba gani a durƙushe ta miƙe kamar raƙumi, har maƙwabta suka fito kallo.

Da safe Baba ya sa aka ciro masa farar rigarsa da hula. Ya ja ƙafa har bakin motar, Yaya ya buɗe masa ƙofa. A da juya baya kawai yake yi ya ɗosana a kujera. Yanzu kujerar tana daidai ƙirjinsa. Ya dube ta, ya dubi ƙafarsa. Aka kawo turmi aka kifa, aka kawo benci, ƙafar hagu ta ƙi ɗaguwa ko kamu ɗaya. Sai Yaya ya yi wa maƙwabta biyu alama da ido, suka matso za su cicciɓe shi.

"Kada wanda ya taɓa ni," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba. "Sau ɗaya maza suke ɗaukar namiji, a makara. Ranar ba ta zo ba tukuna."

Ya juya ya koma ciki da farar rigarsa. Kunun ranar bai sha ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, da taurin kan tsohon da kuma wautar ɗansa. Tsohon ba na iya gaya masa, sai na huce a kan ɗan.

"Yaya, ka auna taɓo ka auna taya, mai motar ne ka manta ba ka auna ba. Yau ka fara sanin halin Baba?"

Ya tsaya yana kallon motar, hannunsa duk baƙin mai. Sai kuma tausayinsa ya kama ni, don na san don wa ya yi wannan wahalar.

Da na zo da hantsi washegari na tarar da shi da diga da shebur a gefen dakali. Dogayen ramuka biyu yake haƙawa, masu gangara, daidai faɗin tayoyin, irin wanda ake yi idan za a loda shanu ko injin huɗa a bayan mota. Wani maƙwabci ya tsaya yana tsokanarsa, wai an sha wuya an ɗaga ta, yanzu kuma ana shan wuya a sauke ta. Yaya ya ci gaba da haƙarsa. Baba yana zaune a dakalin da farar rigarsa da hula yana jan carbi, yana yi kamar bai san abin da ake ciki ba, amma da ramin ya karkace sai ya nuna wurin da sanda.

Bayan azahar motar ta gangara cikin ramukan a hankali, har kujerar ta zo daidai da dakali. Ni na fara shiga na zauna a tsakiya. Baba ya muskuta da mazaunai, ya jawo ƙafar da hannunsa, ya zauna daram. Shi ya rufe ƙofar da kansa.

"Mu je," ya ce.

Da muka bar kwalta muka bi gefen kanal, taɓon ya tare mu a inda ya saba tare kowa. Yaya ya sa giyar ƙarfi. Motar ta yi nishi, ta yi layi, tayoyin suna watso laka har kan gilashi, amma ba ta tsaya ba. Na riƙe kafaɗar Baba a wurin gargada, bai ture hannuna ba.

Muka isa. Shinkafar ta yi kore shar, ta fara ciki, iska tana kwantar da ita tana tayarwa. Yaya ya kashe mota. A lokacin ne ni da shi muka dubi juna, don abu ɗaya ya faɗo mana a rai. A nan babu dakali, babu rami.

Baba ya buɗe ƙofa. Ya daɗe yana kallon gonar, ya daɗe yana kallon ƙasa can nesa da ƙafarsa. Kunyar fangalin farko ga ta nan kusa, har ƙamshin ruwanta muke ji.

"Ai daga nan ma ana gani sarai, Baba," na ce.

"Ba kallo na zo ba, Mansura."

Ya cire hularsa ya miƙo mini. Sannan ya kira.

"Baballe."

"Na'am, Baba."

"Zo ka ɗauke ni."

Yaya ya zagayo, ya sa hannu ɗaya a bayansa ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyi. Ya yunƙura irin yunƙurin ɗaukar buhun shinkafa shanshera, sai na ga ya yi baya kaɗan kamar zai faɗi, don nauyin da ya shirya wa bai same shi ba. Fuskarsa ta canza. Ya taka cikin laka ya ajiye shi a kan kunya.

Baba ya tsoma ƙafafunsa cikin ruwan fangali. Ya damƙo laka ya murza, ya shafa ganyen shinkafar, ya tuge wata ciyawa ya jefar. Ya yi faɗa cewa ruwan ya yi yawa, a buɗe masa hanya ta ƙasa. Farar rigar ta ɓaci har ƙirji. Rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskarsa tun Inna tana da rai, ni kuwa kuka nake yi a cikin mota.

Da hadari ya fara haɗowa Yaya ya sake ɗaukarsa. Suna tahowa na ji Baba yana tambayarsa, kamar mai tambayar labarin kasuwa.

"Ka ji nauyin nawa?"

"Na ji, Baba."

"To, ka gaya wa mutane, ranar ba za su wahala ba."

Yaya ya zaunar da shi a kujera, ya gyara masa ƙafar hagu, ya rufe ƙofa. Ya daɗe a bayan motar yana duba tayoyin da ba abin da ya same su.