Abincin Kaji

"Daure ki ƙara yunƙurawa, Gimbiya. In kin yi, yau ɗin nan zan kawo miki keke."

Baban Gimbiya yana tsugune a ƙofar banɗaki cikin kayansa na fita kasuwa, hula a kan gwiwa. Yarinyar tana zaune a kan fo mai siffar agwagwa, ta ƙanƙame wuyan agwagwar da hannu biyu, fuska shaɓe-shaɓe da hawaye. Shekararta huɗu, kuma yau kwana shida ke nan rabonta da yin kashi. Kafin keke an yi alkawarin 'yar tsana, an yi na takalmi mai wuta, amma cikin nan ya ƙi karɓar cin hanci.

"Baba, zafi," ta ce, ta miƙe tsaye ta matse ƙafafu.

Daga kicin inji ya ɗauki ruri. Ko a gigice yake, jin wannan ƙarar sai da ya ɗan sanyaya masa rai, domin injin matse 'ya'yan itace shi ne sana'arsa, shi ne kuma abin alfaharinsa. Shagonsa cike yake da su har rufi, mafi tsadar cikinsu kuwa shi ya kawo gida. Shekara tara suka yi da matarsa suna jiran haihuwa. Ranar da aka yaye yarinyar ya kafa doka cewa duk abin da ke da ɓawo, ko zare, ko ƙwallo, ba zai wuce maƙogwaron 'yarsa ba. Burodinta fari ne tas kamar auduga, a yanke gefen a yar. Shinkafa fara, taliya, madara, biskit na kwali. Karas da tuffa da abarba kuwa sai inji ya matse su, an sake tacewa da rariya, sannan a zuba mata a kofi mai hoton kyanwa.

Maman Gimbiya ta fito da kofin a hannu. "Baban Gimbiya, mu kai ta asibiti. Jiya ma ba ta ci komai ba."

"Asibiti a kan kashi? A yi da mu a gari? Ƙara mata lemon nan kawai. Da me 'ya'yan Turawa suka fi ta?"

Matar ta koma ta juye tukar da inji ya fitar a kwandon shara. Da can ba shara ake kai ta ba. Inna mai wanki ce take kwashewa a wata tsohuwar robar fenti. Shekara biyu tana zuwa kullum da safe, ta yi wanki, ta kula da yarinyar har uwar ta dawo daga makarantar da take koyarwa. Shi dai a zatonsa kaji take kai wa. Sai mako uku da suka wuce ya dawo gida ɗaukar makullin da ya manta, ya tarar da Gimbiya zaune dirshan a gindin bahon wanki, baki dama-dama, Inna tana ɗura mata wani abu ja-ja mai wake da ganye. Da ya tambaya, Inna ta ce tukar karas ɗin ce take zubawa a waken jikokinta, yarinyar kuwa kullum sai ta ci cokali biyar ko shida.

Abin da ya faɗa ranar, maƙwabta ma sun ji. Ya ce shi bai haifi 'ya don a ciyar da ita abincin kaji ba. Inna, wadda a haife ta haife shi, ta ɗauraye hannunta, ta shanya rigar da ta rage, ta ɗauki robarta ta fita. Ba ta sake dawowa ba.

Ranar da ya yi alkawarin keken, ciniki ya buɗe a kasuwa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mata uku suka tsaya a gaban teburinsa, shi kuma ya shiga wasan da ya fi iyawa. Ya jefa karas biyu da tuffa ɗaya a inji, ya ɗaga kofin sama yadda haske zai ratsa shi.

"Hajiya, duba da idonki. Ko ɗigon tuka kin gani? Amfanin duk ya sauko nan." Ya zaro aljihun injin ya nuna musu abin da ya taru a ciki, ya yatsina fuska. "Dattin kuma ga shi nan. Shi kuke ɗura wa yara ba ku sani ba. Ni 'yata tun da aka yaye ta ba ta taɓa tauna wannan ba."

"Ma sha Allah," in ji ɗayar. "Lallai tana da lafiya."

"Garau," ya ce.

Bai rufe baki ba waya ta yi ƙara. Matarsa ce: yarinya ta yi amai, ciki ya yi tauri, tana ta murƙususu a ƙasa, ga su nan a hanyar asibiti. Ya bar mata uku da kofi a tebur, ya ja ƙofar shago, ya manta hularsa a kan kwali.

A kan bencin asibiti ne tsoro ya kama shi sosai. Ya tuna shekara tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya wuce da farar riga sai ya miƙe tsaye. Da likita ta danna cikin, ta yi tambayoyinta, ta ce ba abin tiyata ba ne, cushewa ce kawai, sai ya ji kamar ya durƙusa ya gode mata. Aka sa wa yarinyar magani, aka rubuta wani na sha, aka tura su ɗakin wata nas mai ba da shawara kan abincin yara.

Nas ɗin babbar mace ce mai tabarau a kan hanci, da ganinta ta ga iyaye iri-iri ta gaji. Ta ce a lissafa mata abin da yarinyar take ci daga safe zuwa dare. Baban Gimbiya ya gyara zama, domin nan fagensa ne. Ya lissafa har da sunan kamfanin biskit, ya rufe da bayanin inji da ƙarfin juyawarsa.

"To, tukar fa? Ina kuke kai ta?"

"Shara mana, Sista."

Ta cire tabarau ta dube shi. "Wato ku sayi kayan marmari da tsada, ku ba shara abincin, ku ba yarinya ruwan zaƙin. Malam, wannan tukar da kake rainawa ita ce harza. Ita ke riƙe ruwa a hanji, ta tausasa bayan gida, ta tura shi waje. Hanji ma'aikaci ne, in ba ka ba shi abin turawa ba sai ya kwanta. A ba ta tuffa da ɓawonta, a wanke a yanka ƙanana. Gwanda, lemo da zarensa, wake, ganye, burodi mai dusa. Ruwa kuma ta sha sosai. Amma a hankali za a fara, kar ku je ku cika mata ciki yau ɗaya ta kumbura."

"Ba ta cin irin waɗannan," ya ce a sanyaye. "Ba ta saba ba."

"Abin da ya ba ni mamaki ke nan. Yaron da ke kan irin abincin da ka lissafa, da tuni kun zama 'yan gida a nan. Me ya canza kwanan nan? Akwai abin da take ci da, aka daina ba ta?"

Maman Gimbiya ta juyo ta zuba wa mijinta ido, irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya san amsa yake noƙewa. Shi kuwa sai ya ga babu abin sha'awa a duniya kamar kalandar da ke jikin bango.

Kafin su bar asibiti maganin ya yi aikinsa. An sha kuka, an sha gumi, amma an rabu lafiya, har uban ya rasa wanda zai yi wa albishir ya yi wa mai gadi. Sai dai nas ta riga ta gaya musu magani na yau ne kawai, in abinci bai canza ba za su dawo, kuma yaron da ya fara tsoron fo riƙewa yake yi, abin ya ƙara tauri.

A gida aka yanka tuffa da ɓawonta, Gimbiya ta tofar. Aka kawo gwanda, ta kau da kai. Uwar ta dafa wake da karas da alayyafo, yarinyar ta lasa sau ɗaya ta ture kwanon.

"Ba irin na Inna ba ne. Ni na Inna nake so."

Ya yi lallashi, ya ƙara wa keken ƙararrawa da kwando, a banza. Da la'asar ta yi sai ya shiga kicin da kansa, ya matse karas shida, ya bar ruwan a jug ko kallonsa bai yi ba. Ya juye tukar a leda mai tsabta, ya ɗauki kwanon yarinyar mai bakin zinariya, ya saɓa Gimbiya a kafaɗa.

Gidan su Inna yana bayan tashar mota, ɗakuna ne a jere, igiyoyin shanya sun sarƙe tsakar gida. Ya same ta a bakin murhu tana juya tukunya, jikoki huɗu sun kewaye ta, kowanne kumatu kamar an hura. Gimbiya ta zame daga kafaɗarsa ta ruga ta faɗa jikinta.

Ya durƙusa ya gaishe ta, gaisuwar da bai taɓa yi mata ba a shekara biyu. Ta amsa ba yabo ba fallasa, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi kasuwa. Ya ajiye ledar a gefen murhu. Ta buɗe ta leƙa.

"Alhaji, ai ni ba ni da kaji."

"Na sani, Inna."

Ya miƙa kwanon da hannu biyu. Ta bar shi a haka, hannu a miƙe, ta zuba tukar a tukunya, ta juya, ta ɗanɗana gishiri, ta gyara itace, ta jira ya sake tafasa. Sannan ta shafa cikin yarinyar da bayan hannunta, ta girgiza kai, ta karɓi kwanon ta zuba cokali biyu cif.

"Ƙara mata mana, Inna," ya ce.

"A'a, biyu tukuna. Ta kwana biyu tana cin abincin masu kuɗi, sai a hankali."