Wa Zai Binne Auta?

Bernadette Sabol ta tura bokiti da ƙafa zuwa inda ruwa ke ɗiga, ta koma kan kaskonta. Juma'a ce, ranar da ƙungiyarsu ta 'yan'uwantaka, wadda kakanninsu 'yan Slovakia suka kafa a wannan gari na Pennsylvania, ke soya kifi tana sayarwa. Sai yau rufin zauren ya ga damar kunyata su a gaban baƙi.

Ita ce ma'aji, a bayan idonta kuwa hannun jarirai ake kiranta. Ta sani, bai taɓa hana ta barci ba.

Gene Hudak, shugabansu, ya shigo kicin yana karkaɗe hula.

"Bernie, ruwa na zuba a farantin mutane! Ga kuɗi jibge a asusun jana'iza, ki ciro mu gyara rufi mana. Ko da su za a binne ki?"

"Da su za a binne ni, ai don haka aka tara."

"Haba tsohuwa! Aro ne, za mu mayar."

"Da me? Yaushe rabon da wani sabo ya shiga ƙungiyar nan?"

Gene ya yi tsaki. Duk ɗan ƙungiyar da ya rasu, daga asusun ake masa akwati da kabari, har da abincin masu ta'aziyya. Yanzu fita kawai kuɗin suke yi. Bernadette ta juya kifi, ta dube shi. Haushinsa take ji, amma tausayinsa ya fi yawa, don ba mata gare shi ba, ba ɗa.

"Yaro, shekarunka nawa?"

"Sittin da ɗaya. Sai aka yi yaya?"

"Kai ne autanmu. Ni da sauran tsofaffin nan, ko an gyara rufi kuɗin za su ishe mu, mun kusa. Rabon na ƙarshe za a yashe. Wa kake zaton shi ne?"

Gene ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"In duk kun riga ni, wa ma zai ɗauki akwatin nawa?"

"'Yan haya," in ji ta. "Na sa kuɗinsu a lissafi tun bara."

Gene ya dubi man da ke tafasa. Sannan ya cire kwat, ya naɗe hannun riga.

"Kifi nawa za mu soya kafin mu sami kuɗin rufi?"

"Kai dai miƙo gishiri."