Sukurun Motar Zulfa

Ni dai tun farko na gaya wa Maharazu abin wasan yara bai kai a sha masa wannan wahalar ba, amma ƙanen nan nawa in ya kafe kan abu sai dai ka gaji ka ƙyale shi. Gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwar Jibiya. 'Yarsa ɗaya tal, Zulfa, tana Maraɗi wajen uwarta Rahama, wadda ta yi wani auren can bayan sun rabu. Da ƙaramar Sallah ya aika wa yarinyar motar rimot da ya daɗe yana yi mata alkawari. Kafin motar ta isa tayoyi biyu sun fita, don sukurun da ke riƙe da su sun kwance da jijjigar hanya. Tun ranar Zulfa ta daina karɓar wayarsa. In an miƙa mata sai ta ce a gaya masa tana barci.

Ana haka sai ga labari ta faɗo daga kan katanga ta karye a cinya. An yi mata ɗori, tana kwance a ɗaki, ko tsakar gida ba ta iya fitowa. Shi kuwa ba shi da fuskar shiga gidan wani namiji ya ce ya zo duba 'yarsa. Ni ce gwaggo, ni ce kuma ke zuwa Maraɗi saro kaya, saboda haka ni aka ɗora wa kai sabuwar mota.

Ranar da zai haɗa ta sai da ya ja ni rumfar Kalilu mai kayan ƙarfe, wai in tsaya in gani. Kalilu ya juye masa gwangwanin sukuru a faranti, shi kuma ya duƙa yana tsinta kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na nuna masa wasu farare masu ƙyalli na ce ga masu kyau nan, ɗauki mu tafi. Ya ce irinsu ne suka ba shi kunya, laushi gare su, ɗauri biyu kansu ya cinye. Baƙaƙe yake so, masu rami mai kusurwa shida a ka. Wanda zai shiga roba zarensa ya zama mai faɗi, wanda zai shiga ƙarfe mai ƙanana. In ya yi tsawo zai huda batir, in ya gajarta hanya ta kwance shi. Kowane ɗaya sai ya goga masa zarto ya ga ko zai ci.

Da rana ta dame ni na ce masa da haka ya riƙa zaɓen maganar da yake gaya wa Rahama, da yanzu 'yarsa na gabansa. Bai ɗago ba. Na ji ba daɗi, amma bakina ne, ya riga ya fita.

Ya ɗaure motar, ya kora ta kan duwatsun bayan kasuwa, ya tsallaka kwata da ita, ya kifar da ita ya tayar. Ko sukuru ɗaya bai motsa ba. Ya sa ta a kwali ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce don Allah kar in bari a ɗora mata buhu.

Washegari da hantsi na shiga motar Arzika direba, kwalin yana kan cinyata. Da muka iso boda a Magama aka ce kowa ya sauko da kayansa. Jami'in da ya zo kaina dogo ne, ba ruwansa da fara'a. Ya zaro motar, ya ga eriya, ya ga waya da batir, sai na ga fuskarsa ta canza. Ban ga laifinsa ba, a zamanin nan duk abin da ke da eriya kuma ana sarrafa shi daga nesa ba wanda zai bar shi ya wuce da ka. Ya kai ta kunne ya girgiza. Wani abu ya yi ƙwal-ƙwal a ciki. Alhali jiya da Maharazu ya miƙo mini ba ta wannan ƙarar.

Ya tambaye ni me ke ciki, na ce wallahi motar yarinya ce, ƙanena ya haɗa. Ya ce to a buɗe. Ya ɗauko sukundirebansa mai bakin tauraro, ya ƙi shiga ramin. Ya gwada mai faɗin baki, ya zame. Ya sa tsinin wuƙa ya murɗa har bakin wuƙar ya lanƙwashe, sukurun nan ko ƙwarzane bai yi ba. Ingancin da aka wuni ana nema, ga shi ya tashi a kaina.

"Hajiya," in ji shi, "abu uku ne. Ko ki buɗe in ga cikinta, ko in fasa, ko ki bar ta nan."

Ya ajiye ta a kan benci kusa da dogon ƙarfen da suke tsira buhu da shi. Na kira Maharazu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na san halinsa, in ya kunna rediyon mutane yana gwaji ko aradu ba ya ji. Na sake kira, na sake. Ina kallon ƙarfen nan ina tuna yarinyar da ke kwance, wadda aka riga aka gaya wa yau gwaggonta za ta zo da saƙon babanta. In na shiga da fasasshiyar mota karo na biyu, ko na shiga hannu rabbana, na san ya rasa ta ke nan. Da ƙyar ya ɗauka.

"Maharazu, ina abin buɗe motar nan?"

Ya ce, "Yana ciki, Yaya."

Ashe al'adarsu ce ta masu gyaran rediyo. In sun gama aiki, ragowar sukuru da duk wani ɗan abin da za a nema gaba sai su manne shi da salatif a cikin murfi, wai don kar ya ɓace. Shi ne ya ɗauki ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ake buɗe irin wannan sukurun, alanki suke ce masa, ya manne a cikin motar, ya rufe da nasa mai mariƙi na shago. Zafi da hanya suka saki salatif ɗin. Abin da na gaya masa a wayar nan ba zan maimaita ba, amma har jami'in sai da ya juyo.

Arzika ya yi mini kara, ya jira iya jiransa. Fasinja suka fara tsaki, wata mata ta ce a kan abin wasa za a sa su rasa kasuwa. Daga ƙarshe ya sauke mini jakata ya ba ni haƙuri ya ja motarsa. Na zauna a ƙarshen bencin na ɗora tafin hannu a kan motar Zulfa. Duk sanda jami'in ya miƙo hannu ya ɗauki ƙarfensa sai in danne motar, alhali buhun wani zai tsira. Sau ɗaya ya ce mini in an canza masu aiki ba ruwansa, wanda ya zo shi zai yanke. Ban san sanda na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina ba.

Can sai ga Maharazu a bayan babur, ko hula babu, sukundireban a hannu kamar wanda zai yi faɗa. Ya gaida jami'in ya durƙusa. Ya sa sukundireban, sukurun suka fito ɗaya bayan ɗaya sumul. Jami'in ya leƙa, ya ga batir da 'yar na'ura da alankin da ke yawo, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce a rufe mu wuce.

Maharazu ya rufe ya miƙo mini, wannan karon da alankin a sama. Na ce ai bai isa ba. Gaba akwai jandarmomin Ɗan Isa, su ma sai sun ce a buɗe, ni kuwa ban san wanne ke shiga roba wanne ke shiga ƙarfe ba, kuma ba zan sake zama a benci ina mutuwa ni kaɗai ba. Ya ce shago a buɗe ya bar shi. Na ce Kalilu ya rufe masa. Ya ce ni ma na san ba zai shiga gidan ba. Na ce wa ya ce ya shiga? Katin shaidarsa na aljihu, muka hau motar da ta biyo baya. A Ɗan Isa kuwa aka sa ya buɗe, ya buɗe ya mayar, kan sukurun nan kamar ba a taɓa su ba.

Bayan la'asar muka isa. Ya tsaya a bakin titi jikin wata bishiyar dogonyaro, ni na yi sallama na shiga. Rahama ta karɓe ni da mutunci. Zulfa na kwance kan katifa, ta rame, ƙafar a ɗaure da karare. Ta karɓi motar. Ta juya ta, ta kama tayoyin ɗaya bayan ɗaya tana ja da ƙarfinta. Ba wadda ta girgiza.

"Gwaggo, shi ya haɗa?"

Na ce shi ne, kuma yana nan ƙofar gida a tsaye.

Ta dubi ƙafarta, ta dubi uwarta. Sai ta ɗauki rimot ɗin, ta ce in ajiye mata motar a ƙasa in je zaure in riƙa gaya mata hanya. Na tsaya a zaure ina cewa dama, hagu, yi baya kin bugi randa. Motar ta ratsa tsakar gida, ta wuce ta gabana, ta yi tsalle a dokin ƙofa ta faɗa waje da ƙarfi har na runtse ido. Ba abin da ya fita. Na ce miƙe kawai, ta miƙe ta je ta daki takalminsa ta tsaya.

Maharazu ya durƙusa a cikin ƙasa. Ya daɗe a haka, kansa a sunkuye. Daga can cikin ɗaki muka jiyo muryarta tana cewa, "Baba, juyo mini da ita, ban iya kwana ba tukuna."

Ya sa hannu biyu ya juya ta, ya saita ta da ƙofar.