'Yar Audi

Audi bai iya zama wuri ɗaya ba tun ranar da ya ji wani masunci a Iddo yana cigiyar "'yar Sanda". Igiyar fatsa ce ake nufi, wadda ake ɗaura wa ƙugiya, kuma kowa a bakin ruwan nan 'yar Audi yake kiranta. Da gashin wutsiyar shanu yake tufka ta, wanda yake tsinta a abbatuwar Agege. Tana farawa da kauri, tana sirancewa har ta koma sili biyu, yadda kifi ba ya ganin ta. Yanzu ga Sanda, maƙwabcinsa, yana yin irinta sak. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don duk Legas ba shi da abin da ake kira da sunansa sai igiyar nan.

Tun da soja suka koma bariki kowa maganar haƙƙinsa yake yi, to shi ma Audi bai ga abin da zai hana shi ba. Ya shiga wannan motar danfo ya fita waccan yana neman inda ake rajistar ƙirƙira, takalminsa ya tsinke a banza. Ƙarshe dai ya kai ƙara gaban Alhaji Ɗanbaba, dattijon da ke sasanta rigimar 'yan unguwa.

"Abeg, Alhaji," in ji Sanda, "wace ƙirƙira? Wutsiya ai da kauri take farawa ta ƙare siririya. Duk mai ido zai gane. Sai dai saniya ta kai mu ƙara."

Aka bushe da dariya. Audi ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, sannan ya zaro igiyar farko da aka taɓa yi, wadda yake ajiyewa a hularsa.

"In kowa zai gane, oga Sanda, me ya hana ka ganewa kafin wannan?"

Alhaji ya karɓa yana jujjuyawa. "Gaskiyarka, Audi. In an ga abu kowa gwani ne. Sanda, ka cire sunanka." Sai ya matso da ita kusa da ido. "Amma wannan ɗaurin na ƙarshe, da baƙin zare, ai na kitso ne. Wa ya tufka ta?"

Audi ya yi tari. Ya tuna ranar da igiyarsa ta yi ta tsinkewa yana ta masifa a tsakar gida, matarsa Azumi ta karɓe gashin ta ce, "Malam, a hankali ake rage shi, kamar jelar kitso." Ta tufka, ta miƙo masa, ta koma kan tukunyarta. Bai ko ce mata sannu ba.

"Mai ɗakina ce, Alhaji," ya ce ƙasa-ƙasa.

Washegari yana sauka Iddo wani masunci ya ɗago hannu daga kwalekwale.

"Oga Audi! 'Yar Azumi fa, akwai?"

Audi ya daɗe yana duban ruwa. Sannan ya buɗe jaka.

"Akwai," ya ce.