Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Shekara ashirin da huɗu ina amsa "ke", in kuma zancena ya taso a gaban mutane sai ta ce "waccan". Alkunya ce, kowa ya sani. Sunana dai Humaira.

Abu ɗaya ya sa na sayi rautar wayifai, 'yar na'urar nan mai raba intanet a gida: jarrabawar neman aikin malamar gona, wadda za a yi ta intanet ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. An rubuto mana ƙarara cewa kyamara za ta riƙa kallonmu, ba tashi, kuma duk wanda sabis ɗinsa ya yanke a tsakiya shafin zai rufe, sai kuma baɗi. A unguwarmu ta bayan kanal a Kura, sabis ɗin waya sai ka kusa hawa katanga. Na rataye rautar a taga, na sa mata kalmar sirri, na ce na huta.

Ashe ban fara ba. Tsakar gidanmu nan matan layi suke turara shinkafa, tun hantsi har la'asar tukwane na kan wuta, kowace kuma da wayarta a ƙugu. Kuskurena shi ne na sa wa Inna kalmar a wayarta don ta riƙa jin wa'azi, na kuma faɗa mata ita da bakina. Inna ba ta iya cewa a'a ba, ko gishirinta na ƙarshe aka roƙa. Kwana uku bayan nan na buɗe darasi ya ƙi motsi. Na duba jerin waɗanda ke kan rautar, na ga waya goma sha ɗaya.

Raina ya ɓaci, na same ta a bakin murhu. Ko a jikinta. Cewa ta yi ruwan kanal ma ta gonar wani yake bi ya je ta wani, ba wanda ya taɓa mutuwa, balle abin da ke yawo a iska. Na yi bayani har na gaji, ita tana juya shinkafa tana cewa to.

Na kasa zaune na kasa tsaye. In buɗe littafi in rufe, in leƙa taga, in dawo in ƙirga wayoyi. Ana cikin haka dabara ta faɗo mini, har na yi dariya ni kaɗai. Na goge tsohuwar kalmar, na rubuta sunana haɗe da na Baba: humairahambali. Sunan 'yar fari da sunan miji, biyun da ko za a yanka Inna ba za su fito daga bakinta ba. Na sa mata a waya, na karanta mata da gangan ina murmushi. Ta harare ni, ta ce ba ni da kunya.

Kwana biyu jerin bai wuce waya biyu ba, sai kwamfutata. Na riƙa jin kaina wata gwana.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, ranar Laraba maƙwabciyarmu Ruƙayyatu ta matsa wa Inna da roƙo. Inna ta sunkuyar da kai ta ce wannan karon ba zai faɗu a bakinta ba. Ruƙayyatu kuwa ba wawiya ba ce. Duk Kura an san sunaye nawa ne ba sa faɗuwa a bakin Saude, wato Inna. Gwaji uku ta yi ta shiga, kafin la'asar ta raba wa kowa.

Ranar Alhamis da tara da rabi na duba, komai lafiya, don matan ba su iso ba. Na fara jarrabawa. Ina tambaya ta bakwai na ji sallamarsu da ƙarar kwanuka, sai 'yar da'irar nan ta jiran sabis ta fara juyawa a tsakiyar allo. Na saci kallon wayata a ƙasan tebur. Waya goma sha uku a jerin. In na canza kalmar yanzu rautar za ta kashe kanta ta sake tashi, ni ce farkon wadda za ta yanke. Tashi kuma babu dama. Gumi ya jiƙa mini hijabi, tsoro ya kama ni sosai.

Na kira Inna a hankali, ban juya kai ba. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, sun hau. In ya yanke shi ke nan, shekara guda ta tafi."

"Ni ban faɗa wa kowa ba," in ji ta.

"Na sani."

Sai na ji tafiyarta. Ta tagar ina jin komai. Ta ce don Allah kowace ta kashe wayarta na awa ɗaya. Aka yi dariya, don ba a saba jin Inna ta hana abu ba. Ruƙayyatu, mai son tsokana, ta ɗaga murya.

"Saboda wa, Saude? Wa muka tare wa hanya?"

Na san amsar da ke zuwa, waccan. Za su sake dariya, da'irar kuma na ta juyawa.

"Saboda Humaira," in ji Inna. Ba ta sauke murya ba. "Humaira na jarrabawa. Ku kashe."

Na ji ana ajiye wayoyi a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya.

Da'irar ta ɓace, tambaya ta takwas ta fito. Sai da na goge idona sau biyu da gefen hijabi kafin na iya karanta ta.