Wa'adin Kwana Talatin

Abdulgani mutum ne mai riƙo. Ranar da manyan motoci suka kwashi mutanen unguwar Kilomita Biyar zuwa Kamaru saboda rikici, ya ce wa ƙanwarsa Zaituna ta shirya. Ta ce ba za ta ɗora mahaifiyarsu Inna Kubura mai ciwon ƙafa a kan buhunan kaya ba, sun zauna. Ya rantse ba zai ƙara yi mata magana ba, ya hau mota. Daga baya aka ji an buɗe wa ayarin wuta a hanya.

Wata huɗu tana rubuta masa saƙo, shiru. Fushi ne ko mutuwa? Abin da ya hana ta sukuni ke nan.

Amma Zaituna ta san yayanta. A shagonsu na gyaran kwamfuta, bayan kasuwa, shi ya koya mata aiki. Yana da wata 'yar manhaja mai fitar da lokutan salla, wadda ya yi shekara biyar yana raino har ta shiga babban rumbun manhajojin kyauta da duniya ke ɗiba. Dokar rumbun ba wasa: in aka kai rahoton babbar matsala, na'ura za ta aika wa mai kula da manhajar gargaɗi, in kwana talatin suka cika bai gyara ba, a cire ta.

Zaituna ta daɗe da sanin wata matsala: a sabon tsarin kwamfuta manhajar ba ta buɗewa sam. Gyaran layi ɗaya ne, ko ido rufe za ta yi shi. Ta ƙi. Ta kai rahoto, ta naɗe hannu.

Gargaɗi ya fita, aka ba ta kwafi. Kullum da hantsi, in an samu wuta, sai ta duba. Rana ta goma wani bawan Allah daga can wata ƙasa ya rubuto cewa zai gyara. Ta roƙe shi ya dakata. Ya yi mamaki, amma ya dakata.

Rana ta ashirin da shida tsoro ya kama ta sosai. In ya mutu fa? Ke nan ta rasa shi, ta kuma jawo an share aikinsa da hannunta.

"Me kike ta leƙe a akwatin nan?" in ji Inna.

"Tarko na ɗana wa Yaya, Inna."

Rana ta ashirin da tara ana jin harbi ta wajen unguwar Yakite, wuta ta ɗauke sau biyu. Da ta dawo, ga saƙon na'ura: an gyara, an janye cirewa. Gyaran na ɗauke da hatimin sirrin Abdulgani, wanda ba mai iya bugawa sai shi.

A wurin bayanin gyara kuwa, inda kowa a duniya zai karanta, ya rubuta: "Wadda ta kai rahoton nan ta san maganinsa sarai. A gaya mata ta daina wasa da aikin mutane. Yaya ƙafar Inna?"

Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba.

"Lafiya? Me ya ce?" Inna ta tambaya.

"Faɗa yake yi mini, Inna. Yana raye."